Yadda A Ke Ɗaga Mota Da Jak Ba Tare Da Haɗari Ba

Mota ta zama abokiyar zaman mutanen yammacin Zamfara. Ita ke kai gero da dawa da wake kasuwa, ita ke ɗauko taki da gishiri, ita kuma ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Amma a ƙauyuka irin su Sunke ta ƙasar Anka, da takwarorinta na Gummi da Bukkuyum, ba kullum a ke samun makaniki kusa ba. Da yawa daga hanyoyin da ke shiga ƙauyukan nan ba su da kwalta, da damina kuwa wasu sai da ƙyar a ke bin su. Saboda haka tilas mai mota ya koyi ƙananan gyare-gyare da kansa a ƙofar gida, kamar canja taya, da juye baƙin mai, da duba birki, da ɗaure salansa. Wannan abin yabo ne, gama yana rage ɓarnar kuɗi da ta lokaci.

Sai dai kusan duk waɗannan ayyuka ba su yiwuwa sai an ɗaga motar, a nan kuwa haɗarin ya ke. Abin da wannan takarda ta ke so kowane mai mota da direba da yaron mota su riƙe shi ne: aikin jak ɗagawa ne kaɗai. Riƙe motar a sama aikin wani abu ne dabam. Wanda ya shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita, ya jingina ransa ga abin da ba a yi shi don haka ba.

NAUYIN MOTA

Ƙaramar mota irin Golf da a ke haya da ita ta haura kilo 1,000 ko ba kowa a cikinta, watau fiye da buhu goma na masara. Hilux kuwa ta kai kusan tan 2, watau buhu ashirin. In an yi lodi, nauyin ya wuce haka nesa. Ba wanda zai yarda ya kwanta a jera masa buhu goma a ƙirji, amma mutane da yawa su kan kwanta ƙarƙashin nauyin nan ba tare da tunani ba.

In mota ta faɗo a ƙirjin mutum, ko ba ta karya masa ƙashi ba, ta kan hana ƙirjin buɗewa, numfashi ya gagara. Ba ya iya ihu, balle ya kira taimako, cikin 'yan mintoci kaɗan sai rai ya yi halinsa. Faɗuwar kuma ba ta ba mutum damar janye jiki, gama kafin ƙiftawar ido ta ke aukuwa.

Wannan haɗari bai bar ƙasashen da su ka ci gaba ba. Hukumar kiyaye haɗurran hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa cikin shekara guda, daga Nuwamba 1994 zuwa Oktoba 1995, mutum fiye da 4,800 aka kai asibiti saboda raunin da su ka samu wajen aiki da jak, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu mota ce ta zame ta faɗo musu. Can fa akwai daɓen siminti, ga asibiti kusa. To, ina ga wanda ke aiki a kan rairayi, nesa da likita?

IRE-IREN JAK DA INDA RAUNINSU YA KE

Jak iri uku aka fi gani a wannan yanki.

Na farko shi ne mai kama da almakashi, wanda a kan sayo ƙaramar mota da shi. Murɗa shi a ke yi, wani dogon ƙarfe mai zare ya jawo hannuwansa su miƙe. Gindinsa bai fi tafin hannu da yawa ba, kuma an yi shi ne don canja taya ɗaya na ɗan lokaci. In zaren ya cinye, ko hannu ɗaya ya lanƙwashe, sai ya durƙushe gaba ɗaya.

Na biyu shi ne mai kama da kwalba, wanda masu a-kori-kura da manyan motoci ke riƙewa. Na uku kuwa shi ne mai ƙananan tayoyi da dogon hannu, wanda a ke gani a gareji. Waɗannan biyu da mai su ke aiki. Tun a ƙarni na 17 wani masani Bafaranshe, Blaise Pascal, ya bayyana cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin ya kan isa ko'ina a cikinsa daidai. Bisa wannan ka'ida ne Richard Dudgeon ya ƙera jak mai aiki da mai wanda a ke iya ɗauka a hannu, a birnin New York cikin 1851. Mutum ya kan danna ƙaramin famfo sau da yawa, man ya taru ƙarƙashin babban ƙarfe ya tura shi sama, har yaro ya iya ɗaga abin da ƙarti ashirin ba su iyawa.

Amma me ke hana man komowa? Ɗan zoben roba ne, da wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke toshe ƙofar mai. Nauyin motar duka a kan waɗannan ya ke. Zafin bazara ya kan busar da roba ta tsage, ƙurar hunturu kuma ta kan shiga cikin mai. Ƙwayar rairayi ɗaya in ta maƙale ƙarƙashin ƙwallon nan ta isa ta sa jak ya riƙa sauka. Wani lokaci a hankali ya ke sauka har mutum bai lura ba sai ya ji ƙarfe a ƙirjinsa, wani lokaci kuwa farat ɗaya.

Don haka a riƙa duba jak kafin aiki. In an ga mai yana tsattsafowa, ko yana sauka da kansa, a kai shi gyara. Kada a zuba masa man birki, gama yana lalata robarsa. Akwai man da aka yi musamman domin jak. Mai zare kuma a wanke shi, a shafa masa giris. A jikin kowane jak an rubuta tan nawa ya ke iya ɗauka, kada a ɗora masa fiye da haka.

MADOGARI

Abin da aka yi domin riƙe mota shi ne madogarin ƙarfe. Yana da ƙafa uku ko huɗu a buɗe, da sanda a tsakiya wadda a ke ɗagawa a kulle ta da ƙusa mai kauri ko da haƙori. Ba mai a cikinsa, ba roba, ƙarfe ne a kan ƙarfe. Bibbiyu a ke aiki da su, ɗaya dama ɗaya hagu, tsayinsu ɗaya. A lura kuma, sau da yawa adadin tan da aka rubuta a jikinsu na biyun ne a haɗe.

Shi ma madogari ba a sakankance da shi sai an duba. A 2020 an janye madogarai kimanin miliyan 1.7 daga hannun jama'a a Amurka, saboda an gano haƙorinsu yana iya suɓucewa. A duba walda ko ta tsage, a duba tsatsa, a tabbata haƙori ya zauna sosai. In ƙusarsa ta ɓace, kada a maye gurbinta da ƙusar kafinta ko guntun rodi ko sukundireba. Wanda mai walda ya haɗa a gari kuwa ba a san iyakar nauyin da ya ke ɗauka ba, sai a yi hattara da shi.

Inda ba a samu madogarin ƙarfe ba, katako mai ƙarfi ya kan yi aikin, muddin an zaɓe shi da kyau. A nemi na itace mai tauri irin ƙirya ko maɗaci ko marke, mai kauri, wanda aka fafe gefensa ya zama shimfiɗaɗɗe. A kwantar da biyu a jere, a gicciya biyu a kansu, haka har a kai tsayin da a ke so, amma kada tsayin ya wuce faɗin gindin sau biyu. A guji itace mai taushi kamar rimi da kuka, da wanda gara ta taɓa, da wanda ya tsage.

Abubuwan da ba a yarda da su ba ko kaɗan su ne bulon siminti, da tubali, da duwatsun da aka ɗora kan juna, da tsohon turmi, da garwa ko durom. Bulo ne ya fi yaudarar mutane, domin suna ganin yana ɗauke da bene. A jikin gini nauyi ya kan bazu a kansa ko'ina, amma ƙarƙashin mota ƙarfe ɗaya ke danna shi a wuri ɗaya, ga shi cikinsa rami ne. Katako ya kan yi ƙara kafin ya karye, mutum ya ji ya fita. Bulo ba ya sallama, sai dai a ga ya zama gari.

ZAƁEN WURI

Jak mai kyau a kan mugun wuri bai fi lalatacce ba. Ana bukatar wuri mai tauri, kuma miƙaƙƙe ba gangare ba. Daɓen siminti ya fi kowane. In babu, a nemi fako ko marmara. A guji jigawa, gama rairayi ya kan zame daga ƙarƙashin jak, a guji fadama da bakin gulbi, da tsohon juji, da wurin da aka cike rami, da kusa da suri, domin gara ta kan rarake ƙasa ta bar ɓawo a sama.

Damina tana da nata makirci. Ƙasa ta kan bushe a sama bayan kwana ɗaya da ruwa, alhali ƙarƙashinta laka ce. Jak ya kan tsaya daidai da fari, sa'an nan gefe ɗaya ya nutse a hankali har ya karkace. Ko kwalta ma ta kan yi laushi da zafin rana a watan Afrilu. Saboda haka in ba a kan siminti a ke ba, lalle ne a shimfiɗa faffaɗan katako mai kauri ƙarƙashin jak da ƙarƙashin kowane madogari. Kowane direba ya kamata ya ajiye irin wannan katako a motarsa kamar yadda ya ke ajiye sifana.

WEJI, BIRKI DA GIYA

Mota ba ta tashi sama a miƙe. Sa'ad da a ke ɗaga gefe ɗaya, jikinta ya kan ɗan jawo gaba ko baya, shi ya sa a kan ga jak yana sunkuyawa yayin da ya ke hawa. In tayoyin da ke ƙasa su ka motsa ko da taƙi ɗaya ne, sai jak ya kife.

Mutane da yawa su kan ce ai sun ja birkin hannu. A yawancin motoci birkin hannu tayoyin baya kaɗai ya ke kamawa, in an ɗaga bayan kuwa ba abin da ya ke riƙewa. Haka nan giya: tayoyin da inji ke juyawa kaɗai ta ke riƙewa, watau na gaba a mota irin Golf, na baya a irin Peugeot 504. In an ɗaga ɗaya daga cikinsu, ɗayar ta kan iya mirginawa ko motar na cikin giya.

Maganin wannan shi ne weji, wanda tsofaffin yaran mota su ka san darajarsa tun zamanin da babbar mota ba ta tsayawa a tudu sai da shi. A sa weji gaba da baya na tayar da ta rage a ƙasa. In taya ɗaya za a ɗaga, a sa wa wadda ke kusurwar da ke fuskantarta: za a ɗaga gaba ta dama, a toshe baya ta hagu.

YADDA A KE ƊAGAWA

1. A sauke fasinja duka da kaya masu nauyi. A kashe inji, a zare mabuɗi, mai aikin ya sa shi a aljihunsa.

2. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya ko ta baya. In mai canja giya da kanta ce, a sa ta kan harafin P. Sa'an nan a sa weji.

3. In za a cire taya, a sassauta notocinta kaɗan tun tana ƙasa. Kokawa da noti mai tauri bayan an ɗaga mota yana cikin manyan abubuwan da ke kayar da ita.

4. A sa jak a wurin da aka tanada. A ƙananan motoci akwai alama a haƙarƙarin ƙasa, bayan tayar gaba da gaban tayar baya. A motoci masu shasi kamar Hilux, a bi abin da littafin motar ya nuna, watau jikin shasi ko ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya. Kada a sa shi a tukunyar baƙin mai, ko tankin fetur, ko salansa, ko falankin ƙasan mota, ko inda tsatsa ta ci.

5. A ɗaga a hankali, ido na kan jak. In ya fara karkacewa, a sauke a sake zama. Kada a ɗaga fiye da yadda aikin ke bukata.

6. A tura madogari ƙarƙashin wuri mai ƙarfi, da hannu kaɗai, kai da kafaɗa suna waje. A sassauta jak sannu sannu har nauyin ya zauna a kan madogarin.

7. A tsaya a gefe a girgiza motar da ƙarfi. In za ta faɗi, gara ta faɗi yanzu da ba kowa a ƙasa.

8. A mai da jak ya taɓa jikin motar ba tare da ya ɗauke nauyin ba, a kuma kwantar da tayar da aka cire ƙarƙashin haƙarƙarin motar. In wani abu ya kuɓuce, waɗannan za su bar wa mutum sararin numfashi.

Bayan wannan ne kaɗai a ke shiga. Kada mutum ya yi aikin shi kaɗai. A samu babba a kusa wanda ya iya aiki da jak. Kada a ta da inji da mutum a ƙasa. In za a cire abu mai nauyi kamar akwatin giya, a tuna motar za ta yi sauƙi ta wannan gefe, zamanta a kan madogari ya sake.

Wajen saukewa sai a bi baya baya. A kwashe kayan aiki, a duba ba mutum ko dabba a ƙasa, a ɗaga kaɗan, a zare madogari, a sauke sannu. Sai taya ta taɓa ƙasa a ke ƙarasa ɗaure notoci, ana tsallakawa daga wannan zuwa na ƙetarensa. Weji ne abin da a ke cirewa daga ƙarshe.

CANJA TAYA A KAN HANYA

A kan hanyar Anka zuwa Daki Takwas da Gummi, ko wadda ta nufi Gusau, direba ba ya rasa gamuwa da faci. Saboda matsalar tsaro da ta addabi yankin shekara da shekaru, ba mai son ya daɗe tsaye a daji, kuma wannan gaskiya ne. Amma gaggawa ce ke sa a manta weji. Hanyar rage daɗewa ita ce shiri tun daga gida: a duba tayoyi kafin a tashi, a tabbata tayar ajiya na da iska, notoci ba su ciza ba, jak da sifana da weji da katako suna wuri ɗaya. Wanda ya shirya haka ya kan gama cikin ɗan lokaci ba tare da ya tsallake kome ba.

A kauce daga kan kwalta zuwa wuri miƙaƙƙe, ko da za a ɗan ja motar a kan facin. Iskar babbar mota mai wucewa ta isa ta girgiza motar da ke kan jak. A kafa alamar nan mai kusurwa uku da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa direbobi riƙewa. Fasinjoji su tsaya nesa da hanya. Kada a zauna a miƙe ƙafafu ƙarƙashin mota yayin cire taya, a tsuguna a gefe. In noti ya gangara ƙasa, a jawo shi da sanda.

YARA, ƘURA DA BATIR

Motar da aka ɗaga a ƙofar gida abin sha'awa ce ga yara, inuwarta kuma tana jawo awaki. Yaro na iya murɗa jak ko ya zare weji don wasa. In aikin zai kwana, ko za a tafi salla ko cin abinci, a bar motar a kan madogarai, a cire hannun jak a ɓoye, a sa babba ya lura.

Akwai kuma abin da ya shafi wannan yanki musamman. A 2010 gubar dalma da ta fito daga niƙan duwatsun zinariya ta halaka yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, Sunke kuwa tana cikin garuruwan da abin ya shafa, tare da Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Mai gyaran mota a ƙasa ya ke kwanciya. Don haka kada ya yi aiki inda aka taɓa niƙa ko shanya dutsen ma'adini, ya shimfiɗa kwali ko buhu, ya sake tufafi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauki yaro ko ya ci abinci. Batirin mota ma dalma ce a cikinsa. Kada a fasa tsohon batir a gida, kada a bar shi inda yara ke wasa.

IN HAƊARI YA AUKU

In mota ta danne mutum, abu na farko shi ne a ɗauke nauyin daga kansa da sauri, da wani jak ko da taron jama'a, ana cusa katako yayin da ta ke tashi don kada ta sake komowa. Kada a fizgo shi ta ƙafa alhali nauyin na kansa. Bayan an ɗaga, a zaro shi a miƙe, wani na riƙe da kansa da wuyansa kada su juya, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako. In jini na zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a ba shi abinci ko abin sha, gama watakila a yi masa aiki.

Sa'an nan a kai shi asibiti nan da nan, ko na Anka, ko na Gummi, ko na Bukkuyum, wanda ya fi kusa, ko da ya tashi ya ce lafiyarsa lau. Saifa ko hanta na iya fashewa jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani, naman da ya daɗe a danne kuma ya kan saki wani dafi da ke lalata ƙoda bayan sa'o'i. Maɗori yana da nasa gwaninta a kan karaya, amma irin wannan rauni na ciki sai likita.

KAMMALAWA

Sau da yawa ba sabon shiga ne haɗarin nan ke ci ba, gama shi yana tsoro. Wanda ya shekara ashirin yana shiga ƙarƙashin mota a kan jak da bulo ba abin da ya same shi, shi ne ke cewa minti ɗaya kawai zai yi. Hausawa kuwa sun ce sabo turken wawa. Wasu kuma su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ba wanda ya ke barin rijiyarsa a buɗe a tsakar gida saboda wannan magana.

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da shugabannin direbobi a tashoshi, da kanikawa masu koyar da yara, su karanta wa jama'arsu wannan takarda, su kuma sa ido a bi abin da ke cikinta. Kuɗin madogarai biyu da weji da katako bai kai na jinyar mako ɗaya ba, sa su kuwa bai fi minti biyar ba. Wuri mai tauri, weji a taya, madogari kafin shiga, mutum na biyu a kusa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.